Yadda Ake Yi wa Aladiya Mai Shayarwa Allurar Rigakafi Ba Tare da Nono Ya Ragu Ba

A wuraren da ake kiwon aladu da gaske, irin su Kafanchan da Zonkwa a kudancin Kaduna, da sassan Filato da Binuwai, da Numan da Zuru, ra'ayi biyu ake yawan ji game da yi wa aladiya allurar rigakafi tana shayarwa. Wasu masu kiwo ba sa yarda allura ta kusanci uwa har sai ta yaye, wai don kada nono ya ƙafe 'ya'ya su tsumbure. Wasu kuma da zarar sun ga jarirai sun fara zawo sai su ruga su sayo rigakafi su danna wa uwar, da zaton zai bi ta nono ya warkar da su. Duka ɓangarorin biyu suna yin asara, domin allurar da ake yi wa aladiya a lokacin shayarwa ba ta 'ya'yan da ke tsotso yanzu ba ce, ta cikin da za ta ɗauka bayan yaye ce. Wanda ya riƙe wannan zai san ranar da ta dace da allura, da irin rigakafin da zai saya, da kuma abin da bai kamata ya sa rai a kansa ba.

Abin da ya kamata a sani kafin a sayi kwalba

Mahaifar aladiya ba ta barin sinadaran kariya su tsallaka daga jinin uwa zuwa jinin ɗan da ke ciki, saboda haka ana haihuwar jaririn alade kusan ba shi da garkuwa. Duk kariyar da zai fara rayuwa da ita daga dakashi take fitowa, wato nonon farko mai kauri da uwa ke bayarwa a ranar haihuwa. Hanjin jariri yana iya ɗaukar waɗannan sinadarai ya kai su cikin jini na ɗan lokaci ne kawai. Ya fi ɗauka a sa'o'i 6 na farko, daga nan abin yana raguwa, kuma bayan sa'o'i 24 zuwa 36 ƙofar ta rufe. Shi kansa dakashin, uwa tana tara sinadaran da ke cikinsa ne daga jininta a makonnin ƙarshe na ciki. Idan aka haɗa waɗannan biyu, za a ga cewa allurar da aka yi wa uwa kwana 10 ko 14 bayan haihuwa ta makara ta fuska biyu: dakashi ya wuce, hanjin 'ya'ya kuma ya rufe. Nonon da ke biyo baya yana ɗauke da wani nau'in kariya da ke shafe bangon hanji, amma allurar da aka yi a cikin tsoka ba ta ƙara shi yadda zai tsayar da zawon da ya riga ya fara.

Saboda haka rigakafin uwa kashi biyu ne, kuma kowanne da lokacinsa. Kashi na farko shi ne na kare jarirai daga zawon kwanakin farko, wanda ƙwayoyin ikolai da kilostiridiyam ke kawowa. Wannan ana yin sa ne kafin haihuwa: budurwar da ke da cikin fari ana yi mata sau biyu, kamar saura mako 6 da kuma saura mako 2 zuwa 3 ta haihu, uwar da ta taɓa samun allurar kuma sau ɗaya, saura mako 2 zuwa 3. Tunda cikin aladiya kwana 114 ne ko 115, wata 3 da mako 3 da kwana 3 kamar yadda masu kiwo ke lissafawa, duk wanda ya rubuta ranar barbara ba zai sha wahalar gano waɗannan ranaku ba. Kashi na biyu shi ne na kare ciki daga lalacewa, kuma shi ne ake yi a lokacin shayarwa. A jikin kwalbarsa za a ga an rubuta Parvo da Ery, wani lokaci har da Lepto, kamar yadda yake a kan Porcilis Ery+Parvo ko FarrowSure.

Ya kamata mai kiwo ya san cututtukan nan uku, wato fabo (Parvo) da irisifilas (Ery) da lafto (Lepto), da alamunsu, don ya san abin da yake biya wa kuɗi. Cutar fabo ba ta kwantar da uwa, ba zazzaɓi ba tari, ɓarnarta duk a cikin mahaifa take. Idan ƙwayar ta shiga kafin ciki ya kai kwana 35, 'ya'yan sukan mutu jiki ya shanye su, sai a ga aladiya ta sake neman namiji a makare, ko ta haifi 3 ko 4 kacal. Idan ta shiga tsakanin kwana 35 da 70, lokacin da ƙashi ya riga ya samu, sai su mutu su bushe, a haife su baƙaƙe ƙirin a ƙanƙame. Bayan kwana 70 ɗan tayi yana iya kare kansa. Irisifilas kuwa ita ce mai sa zazzaɓi mai zafi da jajayen tabo masu kusurwa huɗu a baya da gefen ciki, kuma zazzaɓin kansa yana iya sa ɓari. Lafto tana yaɗuwa ta fitsari, musamman na ɓeraye da ke shiga ma'ajiyar dusa, tana sa ɓari a ƙarshen ciki da haihuwar matattu ko raunanan 'ya'ya. Biyun ƙarshe suna kama mutum, don haka kada a ɗauki abin da aka ɓarar da hannu tsirara.

Mataki na farko: a lissafa ranar daga yaye, a dawo baya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafi ranar da aka ji ana faɗa a manyan gonaki. Inda ake yaye a mako 4, ana yin allurar tsakanin kwana 10 zuwa 14 bayan haihuwa, sai mutane suka ɗauka kwana 14 ɗin doka ce. Ainihin ƙa'idar ita ce allurar ta riga barbara da mako 2 zuwa 4, domin jiki yana bukatar kimanin mako 2 kafin kariya ta kai ƙarfinta, kuma ana so ta yi ƙarfi daidai lokacin da ciki ke sabo. Aladiya mai lafiya takan nemi namiji kwana 4 zuwa 7 bayan yaye. To, wanda ke yaye a mako 6 sai ya yi allurar a mako na 3 ko na 4, wanda ke kaiwa mako 8, kamar yadda mata da yawa masu kiwon bayan gida ke yi, sai ya yi a mako na 5 ko na 6. A taƙaice, a sa ranar yaye tukuna, sannan a dawo baya da mako 2 zuwa 3.

Akwai lokuta uku da za a kauce musu. Na farko shi ne makon haihuwa, domin a lokacin uwa ba ta gama dawowa cin abinci ba, kuma a lokacin ne ciwon hantsa da na mahaifa ke tasowa. Idan aka yi allura ta yi zazzaɓi, ba za a san ko na rigakafi ne ko na cuta ba. Na biyu shi ne ranar yaye da kwanakin neman namiji, tunda duk abin da ya hana ta ci a wannan mako yana iya jinkirta neman namijinta ko ya rage ƙwan da za ta saki. Na uku shi ne makonni 4 na farkon ciki, lokacin da 'ya'ya ba su gama kama mahaifa ba. Idan an duba, tunda dole allurar ta riga barbara, tsakiyar shayarwa ce kawai ta rage, shi ya sa kamfanonin da ke haɗa rigakafin suka zaɓe ta.

Wannan allura guda ɗaya tana aiki ne ga uwar da ta taɓa samun rigakafin a baya. Wadda ba a taɓa yi mata ba, ko aka sayo ta a kasuwa irin ta Katsit ba a san tarihinta ba, yawanci sau biyu take bukata da tazarar mako 3 zuwa 4, kuma a nan dogon shayarwa ya yi rana, domin za a iya yin ta farko a mako na 2, ta biyu a mako na 5 ko na 6. Budurwa kuma ba a yi mata na fabo sai ta kai wajen wata 6, saboda kariyar da ta sha a dakashin uwarta takan daɗe a jikinta har ta hana rigakafin kamawa. Kada a manta da namijin da ake barbara da shi, musamman wanda ake aro gida-gida; shi ma a yi masa duk bayan wata 6.

Mataki na biyu: saye da ajiya

A nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta ba tare da sun sani ba. Rigakafin da ya sha zafi ko ya daskare kamanninsa ba sa canjawa sosai, amma ba ya aiki, kuma sai bayan wata 4 za a gane, ranar da aka ga busassun 'ya'ya. A saya a wurin likitan dabbobi ko shagon da ke da firij mai aiki da wata hanyar wuta idan an ɗauke, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a je da kula da ƙanƙara. Sanyin da ake so shi ne digiri 2 zuwa 8. Kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara kai tsaye, a naɗe ta da tsumma ko takarda, domin daskarewa tana lalata irin wannan rigakafi fiye da ɗan ɗumi na sa'a guda. A gida a ajiye ta a tsakiyar firij, ba a jikin ƙofa ba, ba kuma a ɗakin ƙanƙara ba. Wanda ya san wutar unguwarsu ba ta da tabbas, gara ya sayo ranar da zai yi amfani da ita.

Kwalabe suna zuwa da na dabba 10 ko 25 ko 50, kuma da zarar an huda murfin, sa'o'i ne suka rage mata, yawancinsu ba sa wuce yini guda. Mai uwa 2 ko 3 ba zai iya shanye kwalba shi kaɗai ba, shi ya sa maƙwabta ke haɗa kuɗi su kira mutum ɗaya ya zagaya. Dabarar tana da kyau, amma tana da haɗari babba. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya shigo Najeriya a 1997 kuma ya yi mummunar ɓarna a gandun Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun a 2020, yana bin takalmi da tufafi da tsinin allura. Idan za a raba kwalba, a zuƙe rabon kowane gida a sirinji sabo tun a waje, a sa a kula, kowa ya ɗauki nasa, mai allurar kuma kada ya shiga garke na biyu da takalmin da ya shiga na farko. Idan ana jin labarin mutuwar aladu a yankin, a dakatar da zagayen gaba ɗaya. Haka kuma duk wanda ya zo da kwalba a jaka ya ce rigakafin wannan annoba ce, a sallame shi, domin wanda ƙasar Biyetnam ta amince da shi a 2023 mai rai ne, an yi shi don aladu masu tasowa, ba don uwa mai ciki ko mai shayarwa ba.

Mataki na uku: a duba uwar kafin a taɓa ta

Rigakafi na mai lafiya ne. Da safen ranar, a fara duba kwanon abincinta: ta cinye na jiya ko ta bari? A sa ma'aunin zafi a duburarta na minti ɗaya. Zafin aladiya mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da 39.5, idan ya kai 40 a ɗaga allurar a nemi dalili. A shafa hantsar da tafin hannu layi-layi, a ji ko akwai wadda ta yi tauri da zafi. A duba bayanta ko akwai ruwa mai wari da ke fita. Sannan a dubi 'ya'yan, domin su ne suka fi faɗin gaskiyar lamari: waɗanda suka ƙoshi sukan yi tsotso su zube su yi barci, fatarsu na sheƙi, masu yunwa kuwa sai kuka da yawo da cizon kan nono, gashinsu a tsaye, gwiwoyinsu a goge.

Uwar da ta rame har ƙasusuwan kwankwaso da na baya suka fito, matsalarta abinci ce, kuma allura ba za ta gyara ba. Mai shayarwa tana bukatar kamar kilo 2 don kanta, da ƙarin rabin kilo a kan kowane ɗa, wato mai 'ya'ya 10 tana neman wajen kilo 7 a yini, da ruwa lita 20 zuwa 30 ko fiye a lokacin zafi. Dusar masara da dusar burukutu kaɗai ba za su riƙe ta ba sai an haɗa da waken suya ko ƙuliƙuli da garin ƙashi da gishiri. A ganina, wanda kuɗinsa ba za su isa abinci da rigakafi duka ba, ya fara da abinci, domin ramammiyar uwa ko an yi mata allura ba za ta nemi namiji a kan lokaci ba.

Mataki na huɗu: yin allurar

A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, musamman a watannin Maris da Afrilu, domin aladiya ba ta gumi kuma zafi kaɗai yana hana ta ci. A fitar da kwalbar daga kula kamar minti 20 zuwa 30 kafin lokaci don sanyin ya sake ta, tunda ruwa mai sanyi ƙarara ya fi zafi a tsoka kuma ya fi sa kumburi. A girgiza ta sosai har ruwan ya haɗe. A karanta takardar da ke cikin kwalin don sanin adadin, yawanci mil 2 ne amma akwai masu mil 5, kuma ba a rage shi don uwar ƙarama ce, ba a ƙara shi don babba ce. Kada a haɗa rigakafi da maganin tsutsa ko na ƙwayoyin cuta a sirinji ɗaya.

Tsinin allurar ya zama mai lamba 16 ko 18, tsawonsa inci ɗaya da rabi, wato kamar milimita 40. Gajeren tsini irin na mutane ba ya wuce kitse, kuma rigakafin da ya tsaya a kitse ba ya shiga jiki yadda ya kamata, sau da yawa ma ƙurji yake zama. Wurin da ake sokawa shi ne tsokar wuya, kamar faɗin yatsu 3 a bayan gindin kunne, daidai tsayin gindin kunnen. A riƙe sirinjin a kwance, tsinin ya shiga a miƙe ba a karkace ba. Idan aka yi baya da yawa kitse za a samu, idan aka yi ƙasa da yawa kuma an kusanci jijiyoyin wuya. Ba a yi a cinya, domin akwai babbar jijiya a wurin, kuma tabon da allura ke bari yana ɓata naman da ya fi tsada. Wurin ya zama a bushe ba kashi ba laka, kuma kowace uwa da tsininta sabo.

Kamun uwa mai shayarwa sai da dabara, domin ko mai sanyin hali tana iya afka wa mutum idan ta ji kukan ɗanta. A fara kwashe 'ya'yan a sa su a kwando ko akwati a gefe, don kada ta taka su idan ta zabura. A zuba mata abinci, a bari ta sa kai, mai allurar ya tsaya a gefen kafaɗarta da katako tsakaninsa da ita, ya ɗan bubbuga wuyan da bayan hannu sau 2 ko 3, sannan ya soka ya danna a hankali. Yawancinsu gurnani ɗaya suke yi su ci gaba da ci. Igiyar hanci, wadda ake zargawa a muƙamuƙin sama bayan fiƙa, sai in ba yadda za a yi, saboda ihun da kokawar suna tayar da hankalin duk garken kuma suna iya hana ta sakin nono na ɗan lokaci. Idan tsautsayi ya sa mai allurar ya soki kansa, ya tafi asibiti nan take da takardar kwalbar a hannu, domin wasu rigakafin suna da mai a ciki wanda ke iya lalata yatsa.

Mataki na biyar: kwana biyu na sa ido

A tsaya kusa na rabin sa'a. Ba kasafai ake samu ba, amma wata takan yi amai, ko haki, ko ta faɗi jim kaɗan bayan allura, kuma irin wannan yana bukatar allurar adiranalin daga likita ba tare da jinkiri ba, wanda shi ne babban dalilin da ya sa ya fi kyau malamin dabbobi ya kasance a wurin. Abin da aka fi gani shi ne ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya, da kasala, da rage ci, da ɗan kumburi a wuya wanda ke sacewa da kansa. Wannan alama ce cewa jiki ya karɓi saƙon.

A nan ne tsoron masu cewa nono zai ƙafe yake da ɗan tushe. Nono daga abinci da ruwa yake fitowa, kuma uwar da ta ƙi ci yini guda nononta yana iya ɗan ja baya a ranar. Sai dai idan tana da jiki kuma ta koma ci washegari, 'ya'yan suna cike gurbin, ba a ganin bambanci a sikeli ranar yaye. Matsala tana zuwa ne idan allurar ta haɗu da zafin rana da ƙarancin ruwa da ramar da ta riga ta kama uwa, sai ƙin cin kwana ɗaya ya zama na kwana 3 ko 4, kuma daidai mako na 3 ne nono ke kai ƙololuwa 'ya'ya kuma suka fi bukata. Maganin abin mai sauƙi ne. A raba abincin kashi 3, a fi ba da yawa da asuba da dare, a jiƙa shi da ruwa, a kwashe wanda ya kwana kada ya yi tsami. A cika kwamin ruwa ko yaushe. Idan rana ta yi zafi a yayyafa mata ruwa a wuya da kafaɗa, amma kada a jiƙa inda 'ya'ya ke kwana, domin su ɗumi suke so, wajen digiri 30 a makon farko, alhali uwar ta fi jin daɗi a wajen digiri 20. Daga kwana 7 zuwa 10 a fara sa wa 'ya'yan nasu abincin mai laushi a kusurwar da uwa ba ta kaiwa, don ranar da nono ya ja baya su sami abin dogaro. Idan zazzaɓi ya wuce sa'o'i 48, ko hantsa ta yi tauri, to ba rigakafin ba ne, a kira likita.

Akwai abubuwa biyu da ke hana 'ya'ya girma a daidai wannan lokaci, kuma sau da yawa ana ɗora wa allurar uwa laifinsu. Ɗaya shi ne ƙarancin jini, domin nonon aladiya ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, kuma jaririn da ke kan siminti ba ya samun ƙasar da zai tona. Wanda ba a yi masa allurar sinadarin ƙarfe miligiram 200 a kwana 3 na farko ba, a mako na 2 zuwa na 3 zai fara fari fat da haki. Ɗayan kuma shi ne zawo mai launin ɗorawa ko toka da ke farawa a mako na 2, wanda galibi kwaksidiya ce, wata cutar hanji, kuma ana kare ta da maganin toltarazuril a baki a kwana na 3 zuwa na 5, tare da tsabtar daɓe.

Mataki na shida: a rubuta, don a san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Kowace uwa ta samu shafinta a littafi. A rubuta ranar haihuwa, da adadin rayayyu da matattu da busassu, da ranar allura da sunan rigakafin da lambar kwalbar, da ranar yaye, da ranar barbara. Don sanin tasirin allurar a kan girma, a auna 'ya'yan gaba ɗaya a buhu da sikelin rataye a ranar allura, a sake bayan mako guda, a sake ranar yaye. Jaririn ingantaccen iri, kamar Large White ko Landrace, yakan zo da kilo 1.2 zuwa 1.5, kuma idan nono ya wadata yana ƙara giram 200 ko fiye a kullum, har ya kai kilo 7 zuwa 8 a mako 4. Na gida da ruwa-biyu ba sa kai haka, don haka kowa ya gwada garkensa da na bara, ba da waɗannan alƙaluma ba.

Ta fuskar haihuwa kuwa, sakamakon ba ya fitowa sai a ciki na gaba. A ƙirga kwanakin da ta yi tsakanin yaye da neman namiji. A duba ta a kwana 18 zuwa 24 bayan barbara: wadda ta dawo a wannan tsakani galibi cikin bai shiga ba ne, matsalar lokacin barbara ce ko ta namiji, amma wadda ta dawo a kwana 25 zuwa 35 alama ce cikin ya shiga ya lalace. Ranar haihuwa a tona mabiyiya da sanda a duba, domin ƙananan busassun 'ya'ya a ciki suke ɓuya. A jera su a ƙasa a auna tsawonsu daga kai zuwa gindin wutsiya. Idan aka ninka tsawon a santimita sau 3 aka ƙara 21, za a sami kusan kwanakin da ɗan ya yi kafin ya mutu, misali mai santimita 10 ya mutu ne wajen kwana 51. Idan tsawonsu ya bambanta, wani kamar yatsa wani kamar tafin hannu, hakan ya yi kama da aikin fabo, domin ƙwayar tana tafiya ne daga ɗa zuwa ɗa a cikin mahaifa. Idan duk tsawonsu ɗaya ne, abu guda ne ya kashe su a rana guda, kamar zazzaɓi mai zafi. Busasshe ɗaya a cikin haihuwar 12 ko 13 ba abin damuwa ba ne, cunkoso ne.

A garken da fabo ko lafto ke yi wa ɓarna, rigakafin da aka yi daidai yana rage busassu da ɓari da yawan komawa ga namiji, amma ba ya sa aladiyar da irinta ke haihuwar 8 ta koma haihuwar 14. Idan an bi ƙa'ida har zagaye biyu kuma ɓarin bai tsaya ba, a daina canja kwalba, a sa abin da aka ɓarar da mabiyiyarsa a leda mai kauri cikin kula da ƙanƙara, a kai wa likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha don ya tura ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato. A haɗa da littafin, kuma a ɗauki ɗan abincin da uwar ke ci a wata leda dabam, domin masarar da ta yi fumfuna a damina ita ma tana lalata ciki, kuma babu rigakafin da ke kare wannan.